Yatsan Kawu Ƙugiya

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki shagon da ke jikin filin kurket ya san yatsan nan. Manuni ne na hannun dama, ya taho sambal har gaɓar ƙarshe, daga nan ya ga dama ya karkace gefe. Shi ya sa ake ce wa telan Kawu Ƙugiya, kuma sunan ba ya ɓata masa rai. Idan ma ba ka tambaya ba, zai yi ta ɗora hannun a kan yadinka har sai ka tambaya.

Labarin ɗaya ne, sai dai duk shekara yana ƙara ƙiba. Yana saurayi shi ne mai tare ƙwallo a bayan mai bugu. Ƙwallon kurket kuwa, ga wanda bai taɓa riƙewa ba, dunƙulen fata ce mai taurin dutse. Wata rana ta sauka a tsinin yatsansa, gaɓar ta goce. Abokansa suka yi abin da kowa ke yi a lokacin: ɗaya ya danne kafaɗa, ɗaya ya kama yatsan ya fizga, aka shafa man zafi, aka naɗe da tsumma, ya koma fili. "Kuma muka ci," in ji shi, yana ɗaga yatsan sama kamar shi ne kofin.

Da gwiwa ta ƙi, bai bar filin ba. Duk ranar Asabar yakan rufe keken ɗinki da zane, ya kwashe ƙanƙarar firij ɗin gida kaf ya zuba a kula. Maiɗakinsa ta gaji da mita, ta koma gaya wa baƙi cewa a gidansu ba a jin ƙishirwa ranar Asabar. Wata nas da yake yi wa ɗinki ce ta koya masa aikin taimakon 'yan wasan da suka ji rauni, shi kuma ya riƙe. Wanda ya yi targaɗe a idon sawu, ko jijiyar bayan cinya ta riƙe shi a guje, Kawu zai zaunar da shi, ya naɗe ƙanƙara a ƙyallen atamfa don kada ta ƙona fata, ya ɗaure da bandeji ba tare da ya matse ba, ya ɗora ƙafar a kan benci. Man zafi a ranar farko, ko kusa. Masu jifan ƙwallo da ke kuka da kafaɗa ko ƙugu, maganinsu hutu ne, abin da suka fi tsana ke nan. Wanda ƙwallo ta buga a kai kuwa ba a gardama da shi, sai asibiti. Abin dariyar shi ne, hannunsa na yin daidai, bakinsa kuma na ba yara labarin ranar da aka fizge masa yatsa ya koma ya ci wasa.

Autarsa ta tashi da labarin nan a kunne. Tun tana ƙarama, in ta dawo makaranta, ita ke zura masa zare a allurar hannu. Da ta girma ta shiga ƙungiyar mata, ta kuma ɗauki gurbinsa a bayan mai bugu. Kawu ba ya ɓoye farin cikinsa. Ko mai kawo gyaran zif sai ya ji yadda Auta ta cafe wata ƙwallo.

Ranar da masu zaɓen 'yan wasan yanki suka zo kallo, ranar da Auta ta daɗe tana jira, ba a yi nisa ba ƙwallo ta dake ta a manunin dama. Ta cire safar hannu, ga yatsa ya fara kumbura, kan ya langaɓe. Ta taho da sauri wajen kula.

"Baba, ja min shi kawai in koma."

Koci ya tsaya gefe ya ce, "Kawu, 'yarka ce, kai za ka yanke."

Gaskiya zuciyar Kawu ta so. Ya dubi mutanen nan da ke zaune a inuwa, ya san ba kullum suke zuwa ba, kuma babu abin da yake so a duniya kamar a kira sunan Auta.

"Ba za a ja ba," ya ce. "Ƙanƙara, sai asibiti a ɗauki hoto."

"Kai fa? Ba kai ne aka ja maka ka koma kuka ci ba?"

Ya zaro allurar da ke soke a wuyan rigarsa, ya ajiye a kan murfin kula, ya sa babban yatsa da manuni zai ɗauka. Ta zille. Ya sake, ta sake zillewa.

"Zaren da kike zura min tun kina ƙarama," ya ce, "kin ɗauka idona ne ba ya gani? Idona ras yake."

Auta ta miƙa hannun, hawaye na zuba. Ya naɗe shi a sanyi, ya tallafe da ɗan katako, suka tari mota. Hoto ya nuna ƙashin ya tsage. Da an fizga, in ji likita, da sai dai a yi haƙuri da yadda ya zauna. Aka sa mata abin tallafi na makonni, aka zaɓi wata a gurbinta, ita kuma ta yi kwanaki ba ta amsa wa babanta sai da "to".

Bayan an cire, ta fara motsa yatsan a hankali yadda aka nuna mata, ta leƙo shago da yamma. Ya miƙa mata allura da zare. Ta lashi bakin zaren, ta riƙe da babban yatsa da manuni, ta zura tashi ɗaya.

Kawu ya karɓa, ya zare zaren, ya sake miƙa mata.

"Baba, ai ya shiga."

"Na gani," ya ce. "Sake yi in kalla."