Hukuncin da Gunvor Ta Ƙi Dannawa

Ƙarfe bakwai saura kwata Gunvor Edlund take isa gidan jinyar nan na bakin ruwa a garin Hudiksvall na ƙasar Sweden, a kan keke, ko da ƙanƙara ta rufe hanya. Ba ta farawa da kofi kamar sauran ma'aikata. Takan rataye rigar sanyinta, ta wanke hannu, ta bi doguwar baranda zuwa ɗakin ajiye zannuwan gado. Can ƙurya, a kan kanta ta uku, akwai wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da ta shekara huɗu a kunne. Sai ta share ƙurar da ta taru a bakin fankarta, ta duba wayar wuta, ta ja ƙofa. Daga nan sai wankan majinyata, da juya su, da ba su kunu da cokali. Shekara talatin da ɗaya ta yi a gidan, ranar Juma'ar da ta wuce ta ajiye aiki. An yanka kek, shugabar gidan ta yi jawabin minti uku, ba ta ko ambaci kwamfutar ba. Ta yayana ce, marigayi Torkel, don haka ni ƙanensa Halvar zan ambata.

Gidan na masu ciwon jijiya ne, irin wanda ke kashe ƙafa, ya kashe hannu, ya zo ya kashe harshe, ya bar hankali garau yana kallo. Da yawansu ba tsofaffi ba ne. Tsararrakinmu ne, waɗanda suka tashi da wasan bidiyo, musamman masu dogon labarin nan da mutum ke shiga ya zama jarumi, ya yi wata uku yana yawon duniyar da babu ita. Gunvor ba ta san kansu ba, ita saƙa ce abin hutunta. Wata rana ta tarar da wani majinyaci yana hawaye don yatsansa ya kasa danna maɓalli. Ta ja kujera, ta karɓi rimot ɗin, ta ce, "Faɗa mini inda za mu." Tun daga ranar, kullum in ta tashi aiki takan ƙara awa ɗaya tana yi wa mutane wasa. Mai iya magana ya faɗa mata. Wanda harshensa ya mutu ya nuna da ido a kwalin haruffa, ƙiftawa ɗaya na nufin e.

A haka ta fi duk masu cacar baki a intanet sanin bambancin wasannin Japan da namu na Yamma. Ta ce na Japan kamar jirgin ƙasa ne, an riga an shimfiɗa layi. Kana iya raɗa wa abokan tafiyarka suna, amma wanda aka rubuta zai mutu sai ya mutu, ko za ka cika bokiti da hawaye. Waɗanda suka gaji, waɗanda likitoci suka ishe su da "zaɓi wannan ko wancan", su ke neman irinsa, don a can wani ne ke ɗauke da su. Na Yamma kuwa kai za ka ƙera fuskarka, kai za ka zaɓi wanda za ka ceta da wanda za ka ci amanarsa. Wanda ko lokacin juya shi a gado ba shi ke zaɓa ba, wannan ne abin da ransa ke so.

Daga nan ta kafa wa kanta doka. In majinyaci ya rasu ya bar na Japan a tsakiya, takan ƙarasa masa, tunda ƙarshen ɗaya ne ko wa ya riƙe rimot. Akwai wani direban babbar mota, Eskil, da ya raɗa wa mayaƙansa sunayen 'ya'yansa uku. Bayan an binne shi, matarsa ta yi Lahadi biyar tana zuwa ta zauna kusa da gadon da babu kowa a kai, Gunvor tana dannawa, har 'ya'yan Eskil na cikin allo suka ci yaƙi suka koma gida. Amma na Yamma ba ta taɓa ƙarasa wa mamaci ba. Ta ce in ta danna, ta sa masa magana a baki ke nan bayan ya tafi.

Ni da Torkel tun muna yara wannan ce gardamarmu. Ni na Japan, shi na Yamma.

"Kai dai ba ka son a ɗora maka laifi," yakan ce. "Kana son a ce maka ƙaddara ce, ka yi kukanka, ka je ka ci burodin kirfa."

"Kai kuma awa biyu kana gyaran hanci, Yaya. Hancin da hular ƙarfe za ta rufe."

"Nawa ne dai. In ya karkace, ni na karkatar."

Dariya muke yi a lokacin. Da ciwon ya kama shi, na riƙe hannunsa a kicin ɗin mahaifiyarmu na yi masa alkawarin ba zan taɓa kai shi gidan jinya ba. Na riƙe alkawarin wata goma sha huɗu. Sannan na sa hannu a takardar kai shi gidan, na karɓi wani aiki can nesa a birnin Malmö, na gaya wa kowa babu yadda zan yi. Akwai yadda zan yi. Gajiya na yi, kuma tsoron kallonsa nake ji. Sau biyu na ziyarce shi a shekara biyu, duka biyun ya kafe idonsa a bango har na fita.

Gunvor ce ta zama hannunsa. Kwana uku suka yi suna ƙera fuskar jaruminsa, har sai da ta fito Torkel sak kamar yadda yake kafin ciwo, da jan gemun da tabon gira. A labarin, jarumin yana da amini da suka taso tare, wanda ya buɗe wa maƙiya ƙofar gari ya gudu. Can kusa da ƙarshe aka kamo shi, aka durƙusar da shi a gaban jarumin, layi biyu suka fito a allo: yafe masa, ko kashe shi. A nan Torkel ya tsaya. Gunvor ta kira ni ta ce yayana yana son ganina, na ce sai ƙarshen wata. Kwana goma sha ɗaya bayan haka ya rasu, da hantsi, wasan yana nan a buɗe.

Wasan ba ya bari a adana shi a tsakiyar magana. In an kashe kwamfutar, sai a koma baya can nesa, kuma duk wanda ya sake isowa wurin ba Torkel ba ne. Gunvor ta ɗauke ta a kunne zuwa ɗakin zannuwa, ta jona ta a soket ɗin da ke kan layin janareto, ta sa aka cire mata intanet don kada ta kashe kanta da kanta. Ta gaya mini duk wannan a wurin jana'iza. Na gane wane ne mai durƙuson tun kafin ta rufe baki, kuma ban je na duba ba.

Sai dai waya. Duk shekara, in ranar rasuwarsa ta zagayo, nakan kira ta.

"Gunvor, ke da kika san idonsa. Wanne zai zaɓa?"

"Bai zaɓa ba, Halvar. Ka zo ka gani."

"Ai kin san inda ya karkata."

"Akwai jirgi daga Malmö kullum. Ni ma na taɓa hawansa, bai cinye ni ba."

Yordanos, mai sharar gidan, ta gaya mini ranar bikin sallamar Gunvor cewa da farko ba ta yarda ta shiga ɗakin ita kaɗai. A lokacin sanyi, da duhu ke rufawa tun ƙarfe uku na rana, in ka buɗe ƙofar sai ka ga shuɗin haske a kan fararen zannuwa, ka ji fanka tana huci kamar mai ciwon ƙirji. "Kuma fuskar marigayin ce fa," ta ce. "Ni na share ɗakinsa shekara biyu, na san shi. Yana numfashi, yana kallon mutum. Daga baya na saba, har gaishe shi nake yi. Amma wancan na durƙushe, na rantse maka bana kansa ya fi sunkuyawa a kan bara." Gunvor ta ce mata allon ne ya tsufa. Yordanos ta ce to, amma ita dai ba ta juya musu baya.

Watan jiya Gunvor ce ta kira ni. Ta ce za ta ajiye aiki, ranar Litinin da ke biye kuma magina za su rushe ɗakin zannuwa. Batirin kwamfutar ya kumbura ya mutu, ba ta ɗaukuwa. "In ba ka zo ba, wani mai guduma ne zai zare wayar, bai ma san ya yi ba."

Na zo. Bayan an watse daga cin kek, ta kai ni. Ga Torkel tsaye a allon, hannu a kan takobi, ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Ga mutumin a durƙushe cikin taɓo. 'Yar kibiyar linzamin kwamfutar tana can gefe, inda ta bar ta, ba ta kan kowane layi. Na zauna a kan kwandon wanki.

"Kwana goma sha ɗayan nan," ta ce, "kullum ina zaunar da shi a gaban wannan. In ɗora kibiya a na sama, bai ƙifta ba. In ɗora a na ƙasa, bai ƙifta ba, har idonsa ya yi ja yana zubar da ruwa. In ɗauko kwalin haruffa, ya rubuta mini abu ɗaya: jira Halvar."

"Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

"Na ce maka yana son ganinka. Sauran ba maganar waya ba ce."

"In zo in ga ya yafe, ko in zo in ga ya sare kan?"

"Ban sani ba."

Na kama linzamin da kaina, na kai kibiyar kan "yafe masa". Fuskar yayana ta dube ni, ta ƙifta ido sau ɗaya. Na juyo na ce, "Kin gani? Kin gani ko?"

"Kai ta kan ɗayan," ta ce.

Na kai. Ya sake ƙiftawa, daidai irin ta farko.

"Duk bayan 'yan daƙiƙu yake yi, haka aka ƙera shi. Shekara huɗu ina kallonsa."

Na roƙe ta. Ni, mai shekara hamsin da biyu, na roƙi tsohuwa a ɗakin zannuwa ta danna mini na sama, tunda ita ce hannunsa, in ta danna kamar shi ne ya danna. Ta naɗe hannayenta a ƙirji.

"Hannun nan ba ya motsi sai Torkel ya ƙifta, shi na gaske. Naka lafiyarsa lau. In kana so ka yafe wa kanka, ga linzami nan, ba wanda zai gani sai ni. Amma kada ka koma Malmö ka ce Torkel ne."

Na ji haushinta ƙwarai, har na gaya mata ba ta da tausayi. Ta tsaya kawai tana jira. Na daɗe ina kallon layin nan biyu. Sannan na cire hannuna daga linzamin, na gaya wa fuskar yayana abin da ya kamata in faɗa masa yana da rai: cewa ƙarya na yi da na ce babu yadda zan yi, cewa guduwa na yi. Ya ci gaba da numfashi yana ƙiftawa. Na sunkuya na zare wayar da hannuna. Fankar ta ɗan ƙara juyawa, ta tsaya.

Gunvor, ke ce hannun marasa hannu. Ke ce kika koyi yaƙi da dodanni da furfura a kanki don kada wani ya mutu a tsakiyar labarinsa. Kalma ɗaya ta ƙarya daga bakinki da ta ishe ni barci har ƙarshen raina, ba kuma mai kama ki, amma kika hana ni ita saboda mutumin da ba ya nan balle ya kare kansa. Ranar ban gode miki ba, na fita ko sallama babu. Yau ina gode miki a gaban kowa, a madadina da madadin Torkel, wanda kika riƙe wa amana fiye da yadda ɗan'uwansa ya riƙe. Allah ya sa ki huta, ki koma kan saƙarki, kada ki sake ganin takobi.

Ku da ke jinyar waɗanda jiki ya ƙi musu, ku yi koyi da ita: ku ara musu hannu, ku bar musu hukuncinsu, ko da 'yan'uwansu za su zage ku a kai. Ku kuma 'yan'uwa, in irinta ta kira ta ce ana son ganinku, ku hau jirgin ranar. Yayana ya yanke wani abu a kaina, ya riƙe shi kwana goma sha ɗaya don ya nuna mini ido da ido, ni kuwa ba zan taɓa sanin ko mene ne ba.