Ƙyallen da Ya Kai Ni Kelle

Na daɗe ina taka keken ɗinki a Gure, kuma na ga abubuwa iri-iri a wannan sana'a, amma akwai abin da ya same ni a ƙarshen wata damina wanda ko tsufa ya rikita ni ba na jin zai fita daga raina. Abin da ya jawo shi kuwa bai fi tafin hannu ba. Ƙyalle ne kawai.

Mu mutanen Damagaram ne, zama ya kawo mu. Maigidana yana da shago a bakin kasuwa, ni kuma ina yi wa mata ɗinki a cikin gida. Ina da wani hali, ba na iya zubar da abu. Duk ragowar atamfa ko shadda da ta faɗo ƙarƙashin tebur, sai in tattara in cusa a buhu. Sauran teloli sharewa suke yi su ƙone a bayan gida, hayaƙi ya yi ta wari, ni kuwa raina ba ya so. Maigidana har tsokanata yake yi, wai wata rana zai yi barcin rana ya farka ya tsinci kansa a cikin buhun.

Akuyata ce ta sa na fara buɗe buhun nan. Ta yi ta ramewa ba mu san dalili ba, da muka ga za ta tafi a banza aka yanka ta, sai ga cikinta cunkushe da baƙar leda. Abin ya ƙona min rai. Na ce ga ƙyalle yana neman cinye min ɗaki, ga leda tana kashe dabbobi, me zai hana in haɗa jakar cefane? Na riƙa jera ƙyallayen launi-launi ina ɗinkewa, maigidana yana rataye su a ƙofar shago. Ranar kasuwa matan ƙauye suka yi ta saye. Har na fara jin kaina, ina cewa duk garin ba wadda ta kai ni dabara.

A unguwarmu akwai wata dattijuwa 'yar asalin garin, kowa Iya yake ce mata, kuma idan ta yi magana mata na saurara. Ɗiyarta ta dawo gida goyon cikin fari. Kafin nan yarinyar ta kawo min wata tsohuwar rigarta ta koriyar atamfa mai zanen fitila, ta ce in sake mata fasali. Na rage hannuwan, na gyara wuya, abin da na yanke kuma ya bi 'yan uwansa cikin buhu.

Wata safiya Iya ta yi sallama. Na shimfiɗa mata tabarma, ta ƙi zama.

"Ɗiyata, ina abin da kika yanke a rigar yarinyata?"

Ni da bakina da ba ya shiru, sai na yi dariya. "Haba Iya, ɗan abin nan? Ko hular jariri ba zai yi ba."

"Ba raha ta kawo ni ba," in ji ta. "An gan shi a kasuwa, a jikin jaka, a hannun wata baƙuwa. Yarinya tana can kwance, jikinta zafi rau, tana sambatu. Rigar da ta sha guminta ce. Wa kika ba?"

Nan take dariyar ta bushe a bakina. Sabon yadi da ba a taɓa sawa ba, ba mai damuwa da ragowarsa. Amma tufar da mutum ya sa ta sha guminsa, a wajen mutanenmu kamar gashin kansa ce ko farcensa, ba a barin ta ta faɗa hannun wanda ba a sani ba, don ana tsoron a yi wa mai ita asiri da ita. Na san da wannan tun ina yarinya. Sai dai a gaban keke launi kawai nake gani, kore ya dace da rawaya, shi ke nan.

Na rantse mata cewa jaka kawai na ɗinka. Na ce a kai yarinyar likita, lokacin sauro ne, zazzaɓi ya yi yawa a gari. Ta ce, "Likita za mu je, ba ke za ki koya min ba. Amma ƙyallen nake so a hannuna." Ta juya ta fita.

Kafin azahar magana ta cika unguwa. Mata suka fara aiko a karɓar musu yadinsu, wanda na yanka da wanda ban taɓa ba. Wata da muke cin abinci a kwano ɗaya ta zo da kanta, ko idona ba ta kalla ba. Da la'asar maigidana ya shigo da sauran jakunkunan a hammata, ya zube su a tsakar gida. Ya ce a kasuwa ana cewa matar baƙon nan tana tara tufafin mutane tana sayar wa bokaye. Na san idan yarinyar nan ta rasa cikin, ko ita ta rasu, ba rantsuwar da za ta wanke ni. Zama a Gure ya ƙare mana, kuma sunan zai bi ni har Damagaram.

Maigidana ya tuna wadda ta sayi jakar, wata mai kawo cuku, busasshen nonon nan, daga garin Kelle. Ya ce zai je. Na ce, "Malam, namiji baƙo ya shiga gari yana cigiyar matar wani? Ka bar mu da masifa ɗaya." Washegari da safe na ɗauki wata jaka da na ɗinka da sabon yadi zalla, na nufi tasha.

Motar ta cika maƙil da buhuna da mutane. Hanya yashi ce, mu tafi mu tsaya. Kowa yana hirar gero da ya kusa nuna, ni kuwa ba abin da nake yi sai salati a zuci. In ta ba wani jakar fa? In ta bi dabbobi daji fa? Duk lokacin da wayata ta motsa sai in ce labarin yarinyar ne.

A Kelle na yi ta tambaya gida-gida har aka nuna min bukkarta a gefen gari. Na tarar da ita tana shanya cuku a kan tabarma, ga jakata can rataye a jikin itace, cike da wake. Daga nesa na hango koren nan mai fitila. Wallahi ji na yi kamar in ruga in rungume itacen.

Muka gaisa, ta ba ni ruwa. Na fito da sabuwar jakar na ce mu yi musanya. Ta juya ta, ta taɓe baki.

"Wannan ba ta da ado. Tawa ta fi. Kuma ke, yaya, tun daga Gure kika taso saboda jaka? Me ke cikinta?"

Na so in yi mata ƙarya, amma ban shirya ko ɗaya ba, sai na faɗa mata gaskiya. Tana saurara, fuskarta tana sauyawa. Ta dubi jakar, ta dube ni.

"To sauran ƙyallayen fa, na su wa ne? Ashe tufafin mutane nake yawo da su a kafaɗa? Har da na matattu?"

Na ce ba na matattu. Gaskiyar magana, a lokacin ban tabbata ba. Ta zazzage wakenta a ƙwarya, ta miƙo min jakar da yatsu biyu. Sabuwar ma ta ce in tafi da abata. Na samu abin da na zo nema, amma na san kafin ranar kasuwa maganar ta zagaye Kelle ita ma.

Ina jiran mota sai maigidana ya kira. Ya ce jikin yarinyar ya tsananta, an kwantar da ita a likita, wato asibiti, ana mata ƙarin ruwa. A hanyar dawowa motar ta kafe a yashi, maza suka sauka suna turawa suna raha. Ni ina zaune da jaka a cinya ina kallon rana tana yin ƙasa, kuma raina yana ta raya min cewa zan isa in tarar ana kuka.

Ban biya gida ba, kai tsaye na wuce likita. Iya tana zaune a ƙarƙashin bishiyar bedi da matan unguwa kewaye da ita. Da suka hango ni hira ta tsaya cak. Na durƙusa a gabanta, na fito da reza, na fara farke ɗinkin. Garin sauri har na yanki yatsa. Na ciro ƙyallen na miƙa mata da hannu biyu.

Ta juya shi gaba da baya, ta auna shi da ido. "Duka ke nan?"

"Duka ke nan, Iya. Na hannuwan rigar biyu ne, ga su a haɗe."

Ta ƙulle shi a bakin zanenta, ba ta ce na gode ba, ba ta ce Allah ya isa ba. Ta ce, "Je ki ɗaure yatsanki."

Kwanakin da suka biyo baya ban san ɗanɗanon abinci ba. Keke a rufe, ba mai sallama, ni kuma kunnena yana ƙofa. Sai da zazzaɓin ya sauka aka sallamo yarinyar da cikinta lafiya, sannan na yi numfashi. Ma'aikaciyar likita ta ce zazzaɓin sauro ne. Matan unguwa suka ce ƙyalle ya dawo gida. Ni da aka san ni da gardama, ranar na bar kowa da nasa.

Ciniki bai dawo da wuri ba, wasu ma har yau ba su sake kawo min ɗinki ba. Ana nan yarinyar ta haihu. Ana gobe suna sai ga Iya da ƙunshi a ka. Wannan karon ta zauna a tabarma. Ta kwance ƙunshin, tsofaffin zannuwanta ne, wasu sun koɗe, wasu sun yage a baki.

"Ki haɗa wa jikana shimfiɗa irin haɗin nan naki," ta ce. "Abin yana da kyau, ban taɓa cewa ba shi da kyau ba. Amma a gabana za ki yanka, abin da ya rage kuma in tafi da shi."

Na sunkuyar da kai ina gyara zare don kada ta ga hawayena. Muka wuni tana zaɓar launi ina ɗinkawa, har da yi min faɗa wai na sa ja kusa da ja. Ranar suna aka kwantar da jariri a kai, mata suna shafawa suna tambayar wa ya ɗinka, Iya da bakinta take faɗa musu.

Har yanzu ina haɗa ƙyalle, kuma har yanzu ba na ƙona ko ɗaya. Amma abin da na koya shi ne, ragowar da na ga ta faɗi ƙasa ba tawa ba ce don kawai almakashina ya yanke ta. Niyyata ta kirki ce, sai dai niyya ba ta isa in taɓa abin mutum ba tare da saninsa ba. Yanzu duk wadda ta zo karɓar ɗinki, nakan ɗora mata ragowarta a tafin hannu in ce, "Ga naki. Za ki tafi da shi, ko kin bar min?" Mafi yawansu dariya suke yi su ce in riƙe. Amma sai sun faɗa da bakinsu.