Wutata da Rijiyar Mutumin Maraɗi

Maƙwabcina a Tudun Wada mutumin Maraɗi ne, tela, ya daɗe a Zariya har gashinsa ya yi fari a nan. Gidana akwai mitar wuta, gidansa akwai rijiya. Na ja masa waya ta kan katanga yana ɗinki, iyalina suna ɗibar ruwa a wurinsa. Ba wanda ya taɓa kiran wannan da wani suna.

Sai sojoji suka karɓi mulki a ƙasarsu, gwamnatinmu ta rufe iyaka, ta yanke musu wuta. Ni karatuna bai wuce firamare ba, amma na san da can in manyanmu sun saɓa da nasu, dattawa ake turawa a zauna. Yanzu kowa waya yake ɗauka ya kira wani Bature can nesa ya ji abin da zai ce.

Wata rana bayan la'asar muna zaune a ƙofar gida, ya miƙo mini wayarsa, wai in ga mutanensu suna ɗaga tutar Rasha.

"Malam, mu mun farka. Ku har yanzu sai an ce muku ku zauna."

"To Alhaji, ka je Rasha ta ba ka wutar ɗinki."

Na tashi na cire wayar wutar da na ja masa. Shi kuma ya sa wa murfin rijiya kwaɗo. Na ba shi mako guda ya zo ban haƙuri.

Bai zo ba. Sai ga wani faranti mai sheƙi a kan rufinsa, wai sola, daga Sin. Kekensa na ta ƙara, ni da mitar ina zaune cikin duhu kamar kullum. Mai garuwa kuwa ba ya shiga lungunmu sai ya ga dama.

Abin da ya ɗaure mini kai, randarmu ba ta taɓa bushewa ba. Na tsare uwargida.

Ta ce, "Ta kan katanga Hajiya matar Alhaji ke miƙo mini bokiti. Ku da kuka rufe iyaka ku ji da ita."

Da zafi ya tsananta, na naɗe wayar na shiga wurinsa na ce a maida komai yadda yake. Ya buɗe kwaɗon, ya ce in ɗebi ruwa iya son raina. Wayar kuwa ko kallonta bai yi ba.

"Riƙe abarka, Malam. In an ɗauke muku wuta, ka kawo wayar hannunka in sa maka caji."