Daudu da Gwangwanin Takardun Jangali

Daudu, Allah ya jiƙansa, mutum ne da bai iya zubar da takarda ba. Bai yi boko ba, a allo ma bai wuce izu biyu ba, amma duk takardar da hukuma ta miƙa masa sai ya naɗe ta a tsumma ya cusa a gwangwanin madara. Yakan ce takarda ita ce garkuwar talaka.

A wata ruga kusa da Gwiwa aka haife shi. Dogo ne siriri, in zai yi dariya sai ya rufe baki da hannu. Shekarar da aka samu 'yancin kai mahaifinsa ya rasu, ya bar masa shanu goma sha huɗu. Daudu bai sayi keke ba, bai sayi rediyo ba. Duk gyaɗar da ya noma, karsana take zama. Kafin shekara takwas garken ya kai talatin da ɗaya.

Abin da ke masa ciwo ɗaya ne, jangali, harajin da ake biya a kan kowace saniya. Garke na ƙaruwa, shi ma yana ƙaruwa. "Ni sauro ya cije ni, saniya ta yi naƙuda," in ji shi, "mai alƙalami ya zo ya kwashi riba." Wasu in lokacin ƙirga ya gabato sukan kora rabin garke ta wajen Babura su tsallaka Nijar, wasu su shige duwatsun Roni. Daudu ya gwada sau ɗaya, maruƙa biyu suka mutu a hanya, ya rantse ba zai sake ba.

Malamin jangalin yankin, Mamuda, jinin Barebari ne, don haka abokin wasan Daudu ne. Ba sa haɗuwa a kasuwa sai an ji su.

"Kai bawana, Ɗan Fillo, nawa ka ɓoye mini bana?"

"Ranka ya daɗe, wane bawa? Kakanka da nono muka saye shi, ƙwaryar ma ba ta cika ba."

Wata Juma'a a Kazaure, Mamuda ya ja shi gefe. "Kana ba ni tausayi. Kawo ashirin da biyu garkena, ka bar tara a gida. Wa zai ƙirga shanun mai ƙirga? Ladana nono da taki. Sharaɗi ɗaya, a gaban mutane kada bakinka ya ce naka ne."

Inno, matar Daudu, ba ta so ba. Abin da ya fi tsaya mata shi ne Amarya, wata jar saniya mai tafiya a hankali, jikanyar karsanar da aka ba Daudu ranar sunansa. Ta ce saniyar suna ba ta kwana a turken wani. Daudu ya ce ai aro ne, ya kora.

Shekara biyar abin yana tafiya daidai. Kowace shekara a ba shi takardar shanu tara, ya naɗe ya adana. A kasuwa kuwa wasa ya samu sabon kai. Mamuda ya ɗaga murya: "Ɗan Fillo, ka ga jar saniyata ta haihu?" Daudu ya rufe baki yana dariya: "Taka ce, Babarbare, Allah ya sa albarka." Mutane su yi dariya, su wuce da abin da suka ji.

Sai babban fari ya zo. Taran nan na gida suka kwanta ɗaya bayan ɗaya, Daudu yana ɗaga su da wutsiya suna komawa ƙasa. Na garken Mamuda kuwa, da dusa da irin auduga, yawancinsu suka tsira. Bayan fari ga kuɗin man fetur, ga sabuwar naira, motoci suna lodin shanu zuwa Kudu, kuɗin sa ɗaya ya sayi uku na da. Daudu ya ce wa Inno, "Kin gani? Da na ji maganarki da mun tashi a tutar babu."

Ya sa rigarsa ta Sallah ya tafi. Ya tarar da Mamuda, yanzu Alhaji, zaune kusa da sabuwar fijo.

"Ranka ya daɗe, na zo in kora dabbobin nan."

"Waɗanne?"

Daudu ya yi dariya, ya tsaya jiran ƙarashen wasan. Ya daɗe yana jira. Alhaji Mamuda yana ta jan carbi.

A gaban alƙali Daudu ya zo da gwangwaninsa, ya miƙa da hannu biyu, zuciyarsa a kwance. Aka warware takardun shekarun nan biyar ana karantawa: tara, tara, tara, tara, tara. Alƙali ya ce, "To ina ashirin da biyun?" Aka kira Lauwali mahauci, ya ce da kunnensa ya ji Daudu yana cewa taka ce, ba sau ɗaya ba. Bai yi ƙarya ba.

"Allah ya gafarta Malam, wasa ne! A kai ni garken, in kira Amarya. In ba ta zo ba a yanke mini hannu."

"Saniya ba ta shaida," in ji alƙali. "Kuma ka sani, in naka ne, ka amsa da bakinka shekara biyar kana cutar hukuma. Akwai biyan tara, akwai gidan yari."

Alhaji Mamuda ya yi alwala ya rantse shanun nasa ne. Shi ke nan.

Da suka fito ya dafa kafaɗar Daudu a gaban jama'a. "Ba na barin bawana da yunwa. Ina neman makiyayi." Mu da muka san shi duk mun ce kada ya karɓa. Ya karɓa. Ya ce yaran Alhaji dukan Amarya suke, ba su san ba ta son a hanzarta ta ba. Shekara huɗu yana kiwon shanunsa a kan dawa da 'yan kuɗin wata.

Amarya ta tsufa, ta daina haihuwa. Alhaji ya sayar wa Lauwali. Ranar kasuwa mutum uku suka ja ta da igiya, ta kafe ƙafa ta ƙi. Alhaji ya ce, "Ku kira Ɗan Fillo, shi take bi." Daudu ya zo, ya kwance igiyar daga wuyanta, ya kira sunanta sau ɗaya, ya shige gaba. Ta bi shi a hankali, hancinta a bayan rigarsa, har mahauta. Da yamma Alhaji ya aiko masa da kai da ƙafafu, wai ladan rakiya. Inno ta haƙa rami bayan bukka ta binne.

Ba a rufa shekara ba aka sanar a rediyo an soke jangali. Da aka gaya wa Daudu, sai ya ce, "Madalla, talakawa sun huta." Bai rufe baki da hannu ba, don bai yi dariya ba.

Damina ta gaba ya kwanta, kwana shida ya cika. Da Inno ta buɗe gwangwanin, ga takardun nan biyar a naɗe tsaf, ko ɗaya gara ba ta taɓa ba, a ƙarƙashinsu ga gashin wutsiya ja. Allah ya sa ya huta, ya haɗa shi da abinsa inda ba a tambayar takarda.