Ranar da Ina-kati Ta Fita Farautar Jarirai

Shekara ashirin da uku tana aikin rigakafi a ƙaramin asibitin da ke bayan tashar mota, amma kaf unguwar ba mai iya faɗa maka sunanta na gaskiya. Ina-kati kowa ke ce mata. Ko a gidan rasuwa ta haɗu da mai goyo, kafin ta ce ya haƙuri sai ta leƙa bayanta ta ce, "Ina katinsa?" Mijinta, tsohon direba, yakan ce da shi ma ɗan wata huɗu ne da ya ga gata a gidan nan.

Ɗakin aikinta bai fi shagon tela ba: benci biyu, sikelin awon jarirai mai ƙugiya, da firij mai nishi kamar tsoho a matakalar bene. Makullin firijin yana hannun abokin aikinta, Dogo, mutumin kirki, sai dai yana ji da kwalaben allura kamar shi ya haife su.

Wata Laraba da hantsi matar wani makaniki ta kawo ɗanta ɗan wata tara a yi masa allurar ƙyanda. Ita kaɗai ce a kan benci. Kwalbar ƙyanda kuwa ta yara goma ce, kuma da zarar an haɗa ta, bayan awa shida sai zubarwa.

"Ki dawo mako mai zuwa, in an taru," in ji Dogo.

Matar ba ta yi musu ba, ta hau gyara goyo. Wannan shirun ne bai yi wa Ina-kati ba.

"'Yata, zuwa na nawa ke nan?"

"Na uku, Inna. Sau biyun duk kin fita aikin ƙauye. Babansa ya ce yawon ya isa haka. Jibi kuma za mu koma wurin surukata, can ko mai sayar da magani babu."

Ina-kati ta dubi Dogo, Dogo ya dubi silin.

"Yaya, kawo mini ko yara biyar ne, in buɗe," in ji shi.

Ta zaunar da matar, ta ja mayafi, ta faɗa layi. Ta san gidan kowa da watan haihuwar kowa. Mai kitso ta ce tana tsakiyar kai. Ina-kati ta ce kan ba zai gudu ba, ta sa ta ɗauko 'yarta. Matar mai gyaran rediyo ta ce ba ta tambayi maigida ba. Ina-kati ta tsaya a ƙofar shago ta tambayar mata, da muryar da ta danne rediyo uku. Sauran gidajen, wasu yaran an riga an yi musu allurar, wasu ba su kai wata tara ba. Ta dawo da biyu, gwiwa na ƙara.

A bakin asibiti ta tarar da makanikin a kan babur, inji a kunne, matarsa na shirin hawa.

"Ɗana, kashe wannan abin, hayaƙi na damuna." Ya kashe. Ta kwance yaron daga bayan uwar ta danƙa masa. "Riƙe min shi, hannuna ya gaji."

Ta juya ta shige. Ba yadda ya iya, ya biyo ta.

"Uku ne fa, Yaya," Dogo ya ce a hankali. "Bakwai za su tafi a banza."

"Ƙanena, ka taɓa ganin kwalba da zazzaɓi? Ka taɓa ganin wadda ƙyanda ta makantar?"

Dogo ya daɗe yana juya makulli a yatsa. Sannan ya buɗe.

Ta zaunar da uban, ta nuna masa yadda zai tallafe hannun yaron. Ta gaya masa jikin na iya yin ɗumi bayan 'yan kwanaki, kada a tsorata, a ci gaba da ba shi nono, in ya yi tsanani a nemi asibiti. Makanikin, mutumin da ke kwana ƙarƙashin tirela ba gezau, yana ganin tsinin allura ya runtse ido, ya kau da kai.

Yaron ya tsala ƙara sau ɗaya, ya koma tsotsar maɓallin rigar ubansa.

"An gama?" uban ya tambaya, ido a rufe.

"Tun ɗazu. Tashi ka ba mai kitso wuri, ta bar mutum da rabin kai."