Ladan Aku

Tim, tim, masu wanki suna buga zannuwa a kan duwatsun kogin Binuwai. Da wannan ƙarar nake tuna ranar da ƙanwata ta fara magana, tana da shekara shida.

Kafin nan gidanmu na garin Garwa ya koma asibiti, kowa likita. Yarinyar ba ta kallon idon mutum, ba ta amsa sunanta, sai ta wuni tana juya murfin kwano. Malamin unguwa ya ba ta rubutu har harshenta ya yi baƙi. Gwaggo ta sayo aku, tana ɗura mata ruwan da ya sha ya rage. Akun ya ƙware a zagi da Fillanci, yarinya ko uffan. Kawu, ma'aikacin gwamnati mai sa kwat ko a tsakiyar bazara, ya dube ta ta saman tabarau, ya zuba Faransanci mai tsawo, ya ce a jira.

Abu ɗaya suka haɗu a kai: 'yar ruwa ce, in ta kusanci kogi mutanen ciki za su karɓe abarsu.

Ni kuwa na lura ba ta samun natsuwa sai a bahon wanka. Sai na riƙa cewa za mu kai niƙa, mu zarce kogi. In zaunar da ita inda ruwa bai wuce gwiwa ba, in zuba mata da ƙwarya, ina yi mata waƙa. Ran nan na ɗaga ƙwaryar, hankalina ya tafi kan wani kwalekwale, na manta ban zuba ba. Ta kama hannuna, ta dube ni cikin ido.

"Ƙara," ta ce.

Da gudu na kai labari gida, zanena yana ɗiga. Gwaggo ta rangaɗa guɗa.

"Kun gani ko? Akuna! Ke kuma, 'yar boko, ina kika jiƙa zane?"

Aku ya sami gyaɗa, malam ya sami zakara, Kawu ya ce dama ya faɗa. Ni na sami bulala. Inna kuwa, washegari ta miƙo mini niƙa, da ƙwarya a ƙarƙashin dawar.

Sai da na girma wata nas a Yawunde ta gaya mini cewa halin ƙanwata yana da suna a littattafan likita, kuma akwai asibitocin da ake sa irin waɗannan yara a ruwa, a ɗaga ƙwarya da gangan, a jira su nema da bakinsu.