Kujerar Delbert Ratliff

Delbert Ratliff abincin shanu ya sayar har ya yi ritaya, kuma ko da kare ba a taɓa jin ya yi faɗa ba. Amma a ɗan garin nan namu na yammacin Texas, ba mai iya tuna ranar da ya gan shi babu bindiga a ƙugu. Da ita yake yankan ciyawar ƙofar gida, da ita yake zuwa jana'iza. Matarsa, kafin ta gaji ta koma wurin 'yarta, ta ce a duk kayan gidan bindigar ce kaɗai yake gogewa.

Abin da ya rage masa a duniya kujera ce guda, a teburin tsofaffi da ke jikin taga a gidan abincin Wanda Pruitt. Nan suke haɗuwa kowace safiya su sha kofi, su ci ƙwai, su zagi gwamnati. Tasa kujerar ƙofa take kallo, wai saboda ranar da ɗan fashi zai shigo. Ɗan fashin nan har yau bai samu sukunin zuwa ba.

To, mutumin naku yana da tumbi, banɗakin Wanda kuma matsattse ne. In ya shiga sai ya zare bindigar ya ɗora kan tankin ruwa. Ya manta ta a can har sau biyu. Na farko Wanda ce ta tsinta tana shara. Na biyu wata baƙuwa ce da ta shiga da ƙaramar 'yarta, ta fito ta gaya wa Wanda abin da ta gani. Cikin makon Wanda ta kafa allo a ƙofa: ba a shiga da bindiga.

Kowa ya san don wa aka yi allon. Sauran tsofaffin suka kulle nasu a mota, suka shige abinsu. Delbert kuwa ya tuna doka ta ce sai haruffan irin wannan allo sun kai inci guda kafin ya yi aiki. Sai ga shi da tef ɗin awo, ya durƙusa a bakin ƙofa da ƙyar, wando na neman yagewa, yana auna haruffa ɗaya bayan ɗaya, mutane na tsallake shi. Ya samu sun gaza da ɗan kaɗan. Ya miƙe ya shiga yana taku kamar wanda ya ci gari da yaƙi, ya sanar wa jama'a cewa allon nan takardar banza ce.

Ita Wanda tun suna makarantar firamare ta san shi. Ko butar kofin ba ta ajiye ba.

"Ka gama awon, Delbert? To bakina inci nawa ne? Da shi nake gaya maka: ko kai ka shigo, ko ita. Gidana ne."

Ya ce shi ba ya cin abinci a inda ake raina 'yanci, kuma ranar da masifa ta zo za su neme shi. Ya koma cikin akori-kurarsa, ya faka daidai tagar. Kullum safe yana nan da kofin gidan mai, mai ɗanɗanon ruwan wanki, yana hangen su suna dariya. Ya ɗauka za a aiko a ba shi haƙuri. Abin da aka yi kawai, surukinsa Orval yakan ɗaga masa cokali ta gilashi, daga kan kujerar da ke kallon ƙofa.

Da kaɗaici ya ishe shi, wata safiya ya tura bindigar ƙarƙashin kujerar mota, ya shigo da kuben bindigar fanko yana lilo a ƙugunsa. Ya shirya jawabi tun daga gida. Ba wanda ya tambaya.

"A'a, sarkin yaƙi, an dawo?" in ji Orval, bai ko gyara zama ba. Ya ƙara da cewa ya gane kujerar nan ta fi dacewa da ciwon bayansa.

Delbert ya duba teburin, ya ga ya cika. Wanda ta jawo masa wata kujera daga can ƙurya, jikin ƙofar banɗaki, ta tsiyaya masa kofi.

"Zauna nan," ta ce, "kusa da ma'ajiyarka."

Ya zauna. A nan yake zama har yanzu, bayansa na kallon ƙofar shigowa, yana matsar da ƙafa duk lokacin da wani zai wuce.